Hajime Moriyasu: kocin da aka bari ya gama aikinsa

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Japan ta doke Birazil da ci 3 da 2 a birnin Tokyo, bayan an tafi hutun rabin lokaci Birazil na gaba da ci biyu da nema, sunan Hajime Moriyasu ya sake dawowa bakin masu hirar tamola a fada da gidajen kallo. Wasan sada zumunta ne, amma shi ne karo na farko a tarihi da Japan ta yi galaba a kan Birazil, don haka dole a yi maganarsa. Masu maganar sun rabu gida biyu. Wasu sun ɗauke shi gwanin da ke juya wasa da canji biyu ko uku. Wasu kuma suka ce sa'a ce kawai, ya samu zubin ƴan wasa masu kyau da Turai ta horar masa, ko wa aka ɗora a kujerar zai ci wannan riba. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun tsallake abin da ya fi muhimmanci a labarin mutumin nan, wato irin hanyar da ya biyo kafin ya iso kujerar, da kuma lokuta biyu da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasarsa ta samu dalilin sallamarsa ta ƙi.

An haifi Moriyasu a watan Agustan 1968, ya tashi a Nagasaki, kuma ba ya cikin yaran da aka yi ta yayatawa tun suna makaranta. A 1987, da ya gama sakandare, ya shiga ƙungiyar kamfanin motoci na Mazda a Hiroshima. Lokacin babu gasar ƙwararru a Japan, ƙungiyoyin duk na kamfanoni ne, ɗan wasa ma'aikaci ne da ke buga ƙwallo. A nan ya haɗu da wani koci ɗan Holan, Hans Ooft, wanda ya lura da abin da ƴan kallo ba su cika lura da shi ba. Yaron ba ya cin ƙwallo, ba ya yanka, amma kullum yana tsaye a gurbin da abokin hamayya ke son bi. Ɗan wasan tsakiya ne mai tare hanya, irin wanda sai ranar da babu shi ake sanin amfaninsa. Da aka ba Ooft ƙungiyar ƙasa a 1992 sai ya kira shi, ya sa shi a wasa da Ajantina. Sunansa ma bai zauna a bakin mutane ba, har karatun haruffansa ya riƙa rikita su, daga nan laƙabin Poichi ya samo asali. Ya buga wa ƙasarsa wasa 35, ya ci ƙwallo ɗaya tak, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauki kofin Asiya na 1992 a Hiroshima.

Sai ranar 28 ga Oktoban 1993 a Doha. Ƙasashe shida suka taru a Katar suna neman gurbi biyu na zuwa gasar duniya ta 1994 a Amurka. A wasan ƙarshe Japan na cin Iraƙi 2 da 1, nasara kuma na nufin zuwa gasar duniya karo na farko. A mintin ƙarshe Iraƙi ta samu kwana, ta buga gajera, aka ɗago ƙwallo, aka sa mata kai, ta faɗa raga. Aka tashi 2 da 2, Koriya ta Kudu ta wuce da yawan ƙwallaye. Moriyasu yana cikin filin a lokacin. Har ya yi ritaya a ƙarshen 2003, bayan ya taɓa Kyoto da Sendai, bai taka filin gasar duniya a matsayin ɗan wasa ba.

Ƴan jarida na son wannan ɓangare saboda yadda ya dawo Doha bayan shekara 29 ya doke Jamus da Sifaniya. Labari ne mai daɗin ji, amma shekarun da suka fi ɗaukar hankalina su ne takwas ɗin da suka biyo bayan ritayarsa, waɗanda ba wanda ke ba da labarinsu. Daga 2004 zuwa 2011 mutumin da ya buga wa ƙasarsa wasa 35 bai riƙe ƙungiya ko ɗaya a matsayin babban koci ba. Ya yi aiki cikin masu horarwa na Sanfrecce Hiroshima, wato tsohuwar Mazda. Ya yi mataimaki a ƙungiyar matasan Japan har zuwa gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2007. Ya zauna ƙarƙashin Mihailo Petrović a Hiroshima, sannan ya tafi Albirex Niigata ya sake yin mataimaki shekara biyu. Mu da muka bi ta makarantar horon malamai mun san wannan zama na bayan aji, kana kallon tsohon malami yana koyarwa kana rubutu, kafin a miƙa maka alli. Abin da aka ba mu na ƴan watanni ne, kuma kowa a cikinmu yana ƙorafin ya yi tsawo. Shi ya yi shekara takwas. Sau nawa muka ga tsohon tauraro ya ajiye takalma yau, gobe an naɗa shi kocin ƙasa don kawai jama'a na son sunansa, jibi kuma a ce ƴan gida ba su iya ba?

Da aka ba shi Sanfrecce a 2012, ƙungiyar na cikin matsin kuɗi, abin da ya sa ma ta rabu da Petrović ke nan. Sabon koci yakan so a ga hannunsa, ya rushe abin da ya tarar don a ce nasa ne. Moriyasu ya bar tsarin maigidansa na masu tsaron baya uku yadda yake, ya ɗaure bayan da ke yoyo, shi ke nan. A shekararsa ta farko suka ɗauki kofin gasar Japan, wanda ƙungiyar ba ta taɓa ɗauka ba tun da aka kafa gasar ƙwararru a 1993. Suka maimaita a 2013, suka sake a 2015. Kofi uku cikin shekara huɗu, alhali kusan kowace shekara Urawa Reds mai kuɗi, inda Petrović ya koma, tana zare masa ɗan wasa: Moriwaki, sai mai tsaron gida Nishikawa, sai Ishihara. Masu bin ƙwallon Afirka za su tuna Disambar 2015, lokacin da Sanfrecce ta lallasa TP Mazembe 3 da nema a gasar zakarun ƙungiyoyin duniya, ta ƙare ta uku. To masu cewa Turai ce ta yi masa aiki, a Hiroshima wace Turai ce ta yi masa? Amma kada a ɓoye ƙarshen zaman. A 2017 abubuwa suka lalace, ƙungiyar ta gangara ƙasan tebur, ya ajiye aiki a watan Yuli. Ya san faɗuwa, kuma wata uku bayan haka hukumar ƙasa ta ba shi ƙungiyar da za ta buga wasannin Olamfik na Tokyo, ba ta ɗauki mummunar kaka ɗaya ta shafe masa kofi uku da ita ba.

A nan ya kamata a fahimci yadda Japan ta saba yi da kujerar kocinta. Tun daga Ooft, mafi yawan lokaci baƙi take ɗaukowa: Falcão, Philippe Troussier wanda muka sani a ASEC ta Abijan da Najeriya da Burkina Faso, sai Zico, Osim, Zaccheroni, Aguirre, da Vahid Halilhodžić na Kodebuwa da Aljeriya. Ɗan gida sai gobara ta tashi ake kiransa. Takeshi Okada ya karɓa a tsakiyar wasannin neman gurbi a 1997, ya sake karɓa a ƙarshen 2007 da ciwo ya kwantar da Osim. Akira Nishino ya karɓa wata biyu kafin gasar Rasha ta 2018 da aka kori Halilhodžić. Moriyasu yana benci a matsayin mataimakin Nishino daren da Japan ta ci Beljiyam biyu, Beljiyam ta rama uku, ta ƙarshen a daƙiƙun ƙarshe. A ƙarshen Yulin 2018 aka ba shi aikin tun daga farkon zango, da niyyar ya kai shi ƙarshe.

Shekarunsa uku na farko ba su gamsar da kowa ba. Katar ta doke shi 3 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Asiya na 2019. A Olamfik na Tokyo, a gida, ya ƙare na huɗu, babu ko tagulla. Sai zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar 2022 ya fara da abin kunya: Oman ta zo har Japan ta ci ɗaya mai ban haushi a watan Satumban 2021, Saudiyya ta ƙara masa ɗaya a Jidda a watan Oktoba. Wasa uku, an sha kashi a biyu. Jaridu da masu rubutu a intanet suka taso a kore shi, kuma maganar gaskiya suna da hujja. Ƙungiyar ba ta da armashi, yana maƙale da tsofaffin da ya saba da su, canjinsa na zuwa a makare. Da a wata ƙasa ce, da kafin jirgi ya sauka daga Jidda an rubuta takardar sallama.

Hukumar, ƙarƙashin Kozo Tashima, ta bar shi. Kwana biyar bayan Jidda, a wasa da Ostireliya a Saitama, ya ajiye Shibasaki wanda ya daɗe yana dogara da shi, ya sauya tsari zuwa ƴan tsakiya uku, Endo da Morita da Ao Tanaka. Tanaka ya ci a minti na 8, aka rama, sannan gab da tashi wani ɗan bayan Ostireliya ya ci gida bayan harbin Asano. Daga nan suka jera nasarori har zuwa Sidni a watan Maris na 2022, inda Kaoru Mitoma ya shigo daga benci ya zura biyu, suka samu gurbi. Wani zai ce ai ƙwallon cin gida ce ta cece shi, kuma haka ne. Amma sauyin tsarin nasa ne, kuma abin da haƙuri ke saya ke nan: damar mutum ya gyara da hannunsa. Sabon koci da an kawo a wannan mako zai kwashe wata uku yana koyon sunayen ƴan wasa, wasannin kuwa ba za su jira shi ba.

Abin da ya faru a Katar kowa ya gani, sai dai akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa. Da ya fitar da sunaye 26, ya bar Furuhashi da ke zuba ƙwallaye a Celtic, ya bar tsohon ɗan gaba Osako, ya ɗauki Takuma Asano da ke fama da ciwon gwiwa tun Satumba. Aka ce son kai ne, yaronsa ne na Hiroshima. Lalle yaronsa ne. Tun 2015 yake sako shi daga benci idan ƙafafun ƴan baya sun yi nauyi, ya san abin da gudunsa ke yi wa mutumin da ya gaji. Ranar 23 ga Nuwamba Jamus ta mamaye rabin farko, Gündoğan ya ci da fenariti, kuma da an tafi hutu da uku ba wanda zai yi mamaki. Da aka dawo ya sako Tomiyasu ya koma masu tsaron baya uku, tsarin nan na Hiroshima, sannan ya riƙa zuba masu kai hari ɗaya bayan ɗaya, Mitoma da Asano, sai Doan, sai Minamino. Doan ya rama a minti na 75, Asano ya ci Neuer daga matsattsiyar kusurwa a minti na 83. Da Sifaniya ma haka aka yi ranar 1 ga Disamba: Morata ya ci, aka sako Doan da Mitoma bayan hutu, cikin mintuna shida aka juya wasan, har da ƙwallon nan da Mitoma ya ƙwato a kan layi wadda aka yi ta gardama a kanta. Japan ba ta riƙe ƙwallo ko kashi 20 cikin ɗari ba a wasan, ta kuma ƙare ta ɗaya a rukunin, Jamus ta koma gida.

Wanda ke son ya kira shi gwani sai ya tsaya a nan. Amma tsakanin waɗannan wasanni biyu akwai Kosta Rika, wadda Sifaniya ta yi wa bakwai da nema kwana huɗu kafin nan. Moriyasu ya canza mutum biyar a cikin masu farawa, ƙungiyar ta yi ta zagaye da ƙwallo ba ta san inda za ta kai ta ba, Kosta Rika ta harba ɗaya ta shiga. Wannan shi ne raunin da ya daɗe yana binsa. Idan abokin hamayya ya fi shi ƙarfi ya taso masa, ya san abin yi. Idan aka koma baya aka bar masa ƙwallo aka ce bisimilla, sai dabara ta ƙare. Sannan ga Kuroshiya a zagayen ƴan 16. An tashi 1 da 1, aka je bugun fenariti, sai ya bar wa ƴan wasa su ɗaga hannu, wanda ya ji zai iya ya fito. Livaković ya tare na Minamino da Mitoma da Yoshida. A ganina wannan kuskure ne babba. Malamin da ya ce wa ɗalibai wanda ya shirya ya fito allo ya san masu kunya da masu jin nauyi ne za su fito, ba lalle waɗanda suka fi iyawa ba. Zaɓen masu bugu aikin koci ne, nauyin kuma shi ya kamata ya ɗauka tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar 28 ga Disambar 2022 hukumar ta sabunta masa kwangila har zuwa 2026. Bai cika alƙawarin kai Japan zagayen ƴan takwas ba, kuma babu kocin da ya taɓa ci gaba da riƙe Japan bayan gasar duniya sai shi. Na ce hukumar ta yi daidai, ba don Jamus da Sifaniya kaɗai ba. Dalilina shi ne kurakuran nasa irin waɗanda ake gani ne a kuma iya aunawa ko an gyara su. A Satumban 2023 ya je Wolfsburg ya doke Jamus 4 da 1, wannan karon ba da ɓuya a baya ba, da wasa na gaba da gaba, washegari Jamus ta sallami Hansi Flick. A neman gurbin 2026 ya mai da tsarin baya uku ya zama na kai hari, da Mitoma da Doan a gefe, ƙananan ƙasashen da a da ke toshe masa hanya suka riƙa shan biyar da bakwai. Ranar 20 ga Maris na 2025, bayan doke Baharain 2 da nema, Japan ta zama ƙasa ta farko da ta samu gurbi in ban da masu masaukin baƙi.

Duk da haka tsohon ciwon bai warke sarai ba. A kofin Asiya da aka buga a Katar a farkon 2024, Iraƙi ta doke shi 2 da 1 a rukuni, Iran ta fitar da shi 2 da 1 a zagayen ƴan takwas. Duk rabin wasan na biyu Iran na ta jefo dogayen ƙwallaye, Itakura na ɗauke da katin gargaɗi yana ta tangal-tangal a idon kowa, kocin yana tsaye da ɗan littafin nan nasa da ba ya rabuwa da shi, bai taɓa bayan ba har Itakuran ya jawo fenariti a ƙarin lokaci. Bayan wasan Morita ya fito ya nuna cewa da sun so ƙarin umarni daga benci. Salon Moriyasu na sauraron ƴan wasa da bar musu shawara a cikin fili shi ne ya sa manyan da suka buga wa Liverpool da Arsenal da Real Sociedad ke girmama shi, shi ne kuma ke barin su ba jagora a daren da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Masu cewa ƴan wasa ne suka ɗaga shi suna da rabin gaskiya, sai dai su ma ƴan wasan ba daga sama suka faɗo ba. A gasar 1998, karon farko da Japan ta je, duka ƴan wasanta a gida suke buga ƙwallo, kuma ta sha kashi a wasanninta uku. A 2022 mafi yawansu a Turai suke. Tsakanin nan akwai gasar ƙwararru da ta fara da ƙungiya 10 a 1993 ta kai 60 a rukuni uku, akwai gasar makarantun sakandare da ake yi duk ƙarshen shekara ana nunawa a talabijin, akwai jami'o'i. Mitoma sai da ya yi karatu a jami'ar Tsukuba, har ya rubuta kundin kammalawa a kan yanka, kafin ya zama ƙwararre. A 2005 hukumar ta rubuta a takarda cewa tana son ɗaukar kofin duniya nan da 2050. Ana iya yi wa wannan dariya, amma wanda ya sa wa kansa wa'adin shekara 45 ba zai firgita da Oman ba. Tsarin da ya fitar da Mitoma shi ne ya fitar da Moriyasu, raba su don a san na wa ya fi ɓata lokaci ne.

Ba sai na yi nisa ba wajen nuna kishiyar wannan. Harouna Doula ya kai Mena gasar Afirka karo na farko a tarihi, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Wasa ɗaya aka buga a gasar ta 2012, Gabon ta ci mu biyu, aka matsar da shi gefe aka miƙa ragama ga Rolland Courbis. Sauran wasa biyun ma an sha kashi. Ba ina cewa zama ɗan gida wani lasisi ne ba, akwai ƴan gida da ba su cancanci ko mako ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne mizanin da ake auna baƙo da shi a auna ɗan gida da shi, a kuma san tun farko me aka ɗauke shi ya yi, cikin shekara nawa.

Wannan mizanin kuwa yanzu ya juyo kan Moriyasu kansa. Sau huɗu Japan na kaiwa zagayen ƴan 16, a 2002 da 2010 da 2018 da 2022, ba ta taɓa cin wasan sili ɗaya ƙwale ko guda a gasar duniya ba. A 2026 ƙasashe 48 ne za su buga a Amurka da Kanada da Meziko, an ƙara zagayen ƴan 32, ke nan sai ya ci irin wannan wasa har biyu kafin ya kai inda ya yi alƙawari tun 2018, shi kuwa yanzu kofin ma yake ambata. Shekara takwas zai cika a kujerar, da ƴan wasan da babu kocin Japan da ya taɓa samun irinsu. Idan aka sake zuwa bugun fenariti ya sake tambayar wa zai ɗaga hannu, ko wata ƙungiya ta sake jefo masa dogayen ƙwallaye minti arba'in yana rubutu, to hukumar da Tsuneyasu Miyamoto ke shugabanta tun 2024 tana da cikakken dalilin gode masa ta nemi wani, kuma ina sa ran wanda za ta nema yana zaune yanzu haka a bencin wata ƙungiya a Niigata ko Hiroshima yana riƙe wa wani littafi.